Tafkin Malam Labaran

"Taka motar nan mana, Fiddausi! Ko jaki muka hau?"

Malam Labaran mai ɗinkin hula ke nan, yana gaban mota yana ta zumuɗi kamar yaro ranar Sallah. 'Yarsa ta yi dariya, ta kauce wa wani mai kura a lungun Ƙofar Jatau. Tafiyar da za a yi da hantsi, sai da rana ta take aka fita, don ba wanda Malam bai tsaya ya shaida wa ba: yau zai hau dutsen Kufena, daga can ya wuce dam ya ga ruwa.

Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ne za a yi wa aiki gobe, kuma likita bai ɓoye musu ba: ko ya gyaru, ko shi ma ya tafi. An ce su kasance a asibiti da la'asar a ba shi gado. Shi ne Malam ya ce kafin nan abu biyu yake so ya gani, dutse da ruwa mai yawa. Mutumin da ya tsufa a Zazzau kansa a sunkuye kan allura!

Hawan kuwa an sha shi. Ga sanda a hannu, ga Fiddausi riƙe da gefen rigarsa, ga baki bai huta ba.

"Ke ce dai kike haki, 'yar boko. Ni ko a jikina!"

Da ƙyar suka kai wani falalen dutse a tsakiya. Fiddausi ta duba lokaci a waya. La'asar ta kusa, ga sauka a gabansu. Maganar dam ta mutu. Tana neman ta inda za ta fara gaya masa, sai ta ji ya daka salati.

"Fiddausi! Ga shi can! Ga tafkin!"

Ta bi sandarsa da kallo. Rufin kwanon gidajen birni ne, rana ta bugi samansu, suna ta walƙiya har iyakar gani.

"Kai, kai, kai! Ashe har gindin ganuwa ya zo? Ina zaune a bakin ruwa duk rayuwata, ba wanda ya gaya mini!" Ya damƙi hannunta don murna. "Shi ne ko?"

Tausayi ya kama ta. Tun tana ƙarama abu ɗaya ne Malam ba ya yafewa a gidansa: ƙarya.

"Shi ne, Baba," ta ce.

Ya daɗe yana kallo, yana dariya, yana share ƙwalla da bakin hula. Daga baya ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Alhamdulillahi, na ga biyun a tashi ɗaya. Mu je wajen likitan. Amma ki ji, idan idon nan ya buɗe, nan za ki fara dawo da ni. So nake in ƙare masa kallo tas, har masu kwalekwale."

"In sha Allahu, Baba."

Ta riƙe shi suka fara gangarowa a hankali. A zuciyarta kuwa addu'a ɗaya take ta maimaitawa: Allah Ya dawo da shi kan dutsen nan, ya kama ta da ƙarya.