Hannun Malam da Madubi na Ƙarshe

Malam ne ya gina ɗakin gwajin nan tun Dakta tana ɗalibarsa, amma yanzu ita ce shugaba, shi kuwa hannunsa na dama ya fara karkarwa.

Aikinsu a kan ƙwayoyin zarra ne. Suna sanyaya su da hasken leza har su kusa tsayawa cik, sai 'yar rawar da ba ta da alƙibla. Sannan su shimfiɗa musu haske mai tudu da kwari, kowane tudu gefensa ɗaya a miƙe, ɗayan a kwance. Da haka rawar banzan nan take tura ƙwayoyin gaba, ba sa komawa baya. Sai dai hasken yana bi ta madubai ne, kowanne da ɗan sukurun da ake murzawa a saita shi, kuma saitin madubi na ƙarshe Malam bai taɓa bar wa kowa ba.

Ranar Litinin hannun ya ci amanarsa. Sukurun ya yi gaba ya yi baya, haske ya kauce, aikin mako ya tashi a banza. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tura hannun cikin aljihu.

"Dakta, ki faɗa mini gaskiya. Na zama kaya a teburin nan ko?"

Ta san amsar da ya kamata shugaba ta bayar, amma ta kasa. Tausayinsa ya cika ta, mutumin da ya riƙe yatsunta ya koya mata murza wannan sukurun.

Da ya zo ran Alhamis don kwashe littattafansa, ta tare shi a ƙofa.

"Malam, madubinka na jira."

"Kin fara yi wa tsoho ba'a?"

"Taɓa ka gani."

Ashe ta sa wa sukurun ƙaramar ƙafa irin ta cikin agogo, mai haƙora kwantattu, da ɗan harshen da ake juyawa a zaɓi gefe. Ya ɗora yatsunsa. Hannun ya yi rawarsa, amma kowace girgiza ta gaba sai ta matsa sukurun kaɗan, ta baya kuwa ta zame a banza. A hankali ɗigon hasken ya tako har tsakiyar allon da ake duba saiti. Ya ɗaga hannu.

Ya daɗe yana kallon ƙafar nan.

"Wato kin mai da ni ƙwayar zarra."

"Kai ka koya mini, Malam. Ba a hana su rawa."

Ya share ido da hannun mai karkarwa, wannan karon bai ɓoye shi ba.