Murhun Norkul

Da labari ya iso unguwa cewa hukumar birnin Tashkent za ta ba da filin bayan masallaci a gina benaye masu hawa tara, Norkul mai girkin biki ya fi kowa tayar da jijiyar wuya. Wasu na kukan za a riƙa leƙen tsakar gidajensu, wasu na kukan inabinsu zai rasa rana. Shi kuwa murhunsa yake ji. A filin nan yake girka babbar tukunyar unguwa, biki ko rasuwa, tun kansa bai yi furfura ba.

Aka yi shawara: ranar da jami'ai za su zo duba filin, kowa ya fito ya ɗaure fuska, kada a ce musu ko sannu.

"Ko ruwa kada a ba su," in ji Norkul.

To amma tara jama'a da sassafe babu abinci abin kunya ne, don haka ya ɗora tukunya, wai don 'yan unguwa kaɗai. Jami'an suka iso daidai lokacin da ya ɗaga murfi, ƙamshin shinkafa da karas da kitsen rago ya cika fili. Aka ɗaure fuska yadda aka shirya. Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Wa zai kai loma baki, baƙo na tsaye yana haɗiyar yawu? Norkul ya duba hagu, ya duba dama.

"Ku zauna mana!" ya daka wa jami'an tsawa. "Sai an roƙe ku?"

Zebo maƙwabciyarsa ta fashe da dariya. "Yaya Norkul, yaƙin ke nan?"

"Yi mana shiru, ƙanwata, miƙo faranti."

Shugabar jami'an ta cinye nata tas, aka ƙara mata, sannan ta tambayi me ya sa ake girki a nan. Kowa ya hau ba ta labari, har da masu ƙarin gishiri.

Da hukunci ya fito, Zebo ce ta kawo masa labari. Za a yi ginin, don mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu, amma an rage hawa, an matsar da shi bakin titi. Murhu na nan daram.

Daɗi ya kama Norkul.

"Iyali nawa za su tare?" ya tambaya.

"Wai sun fi ɗari."

Ya dubi tukunyarsa, yana murmushi.

"Ta yi kaɗan," ya ce. "A nemo mini wadda ta fi ta."