Wadda Sulafa Ta Haifa

…to, me zai yi da sunan uwarta? Nan ɗin dai. Nan Zulfa take dawowa tun da jirgin ƙasa na metro ya tashi daga tashar Hadayek el-Maadi. Tana tsaye a taragon mata, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan a cikin jaka yana murza zobe. Zoben Jibrin. Yau za ta mayar masa da abinsa a gidan yayarsa Mahasin a Ainu Shams, ko kuma ta zura shi a yatsa kafin ta sauka. Tasha ashirin ke gabanta.

Sunan uba kowa na tambaya. Mai haya, ɗan sanda, masu takardun zama. Amma uwa? Sati uku ke nan, a ƙofar shagonsa na gyaran waya, Jibrin bai ma ɗago ya dube ta ba.

"Zulfa, wai ya sunan marigayiya?"

"Sulafa. Lafiya?"

"Lafiya lau, sarkin tambaya."

Bai ɗago ba… me ya hana shi ɗagowa?

Da ba ta ga hoton nan ba. Madam Lina, tsohuwar da take yi wa aiki, shekara arba'in tana koyar da harshen Girkawa kafin idonta ya mutu. Yanzu Zulfa ce idonta. Bayan wanke-wanke takan karanta mata tsofaffin labaran Girkawa da Rumawa da aka mayar Larabci: mai ƙaiƙayin sanin asiri da ya wayi gari dabba, matan da ke sauko da wata daga sama, wanda bala'i ya yi ta bi gari-gari har ya durƙusa yana kuka gaban abin bautarsa. Zulfa na son su, har ta fi tsohuwar so. Sai ranar nan, a tsakiyar wani littafi — hoton fallen dalma, an yi masa rubutu da tsinke, an naɗe, an soke da ƙusa. A rijiya aka tsince shi.

"Karanta, ya binti, 'yata. Wance, wadda wance ta haifa. Kin lura? Ba sa sa sunan uba. Uba ana iya shakkarsa, kada aljanin da aka aika ya yi ɓatan kai." Har da dariyarta, haƙora uku.

Zulfa ta karanta: Kada ta ci. Kada ta sha. Kada barci ya ɗauke ta, sai ta zo ƙofata da ƙafarta.

Ga ta kuwa a hanya. Da ƙafarta.

Tashar Mar Girgis. Wata mata ta shigo da kyandir biyu a leda, zanen gicciye shuɗi a wuyan hannu, idonta jawur. Ita kuma wa take roƙo wa? Astagfirullah, Zulfa, ina ruwanki… Malamin tsibbun unguwarsu can gida a Gadarif ma haka yake yi, kafin ya jiƙa alƙalami sai ya ce, sunan uwa? Shekara dubu biyu tsakani, hanya ɗaya. Ashe duk abu guda suke wa aike.

Lissafa dai. Mayafinta mai ruwan ƙasa da ta manta a gidan Mahasin: an nema, wai ba a gani ba. A ɗaki biyu da falo? Kuma littafin ya faɗa, sai an haɗa da zaren tufa ko silin gashi. Sai humrar da Mahasin ta ba ta a ƙaramar kwalba, "shafa, amaryarmu, ki kashe shi da ransa." Tana shafawa kanta ke sarawa. Sai kofin shayin Madam da ya suɓuce, sai ƙunar man gyada a dantse, sai takalmi da ya tsinke a tsakiyar titi. Abinci kamar ƙasa a baki. In ta kabbara salla, muryarsa ce ke shiga tsakanin ayoyi — ita da ba ta taɓa rafkanuwa ba, jiya Asuba raka'a uku ta yi.

Wannan so ne? Ko igiya ce?

Jirgin yana rage gudu. Tashar Sayyida Zainab. Ta juya baya ga taga, ta kafa ido a kan jakar wata yarinya. Ba yanzu ba. Rufe ƙofar, yalla, maza rufe…

Yawwa. An shiga ƙarƙashin ƙasa.

Amma Jibrin? Jibrin da ke sauke ƙofar shago ana kiran salla ko da mai waya na tsaye yana zagi? Wanda ya rako ta daga Abbasiya a ƙafa, taku biyu tsakaninsu, bai ko taɓa gefen mayafinta ba? Ma'alish, sai haƙuri, ai masu yi ba a goshi ake rubuta musu ba. A labaran ma matsafiyar mai saukar baƙi ce, mai fara'a, mai kawo ruwan wanke ƙafa. Ko kuwa… abokinsa Ya'ƙub ya tafi Umara a satin. Wataƙila suna ya ba shi, a yi wa Inna addu'a. Wataƙila. To in alheri ne, me ya sa ya ɓoye? In kuma ta tambaya ya ce haka ne, da wane kunne za ta ji? Kunnen da aka riga aka ɗaure?

Inna, ke da kika ce kada in bar gashina a mataji a gidan kowa…

Ghamra. Haske ya dawo. Sati uku da tambayar, to. Rashin barcin fa? Ƙirga da gaskiya, Zulfa. Kafin Babbar Salla ma ba ta barci. Kafin azumi… Wata shida. Tambayarsa sati uku, ciwonta wata shida. Lissafin bai zauna ba. A'a, wataƙila ya daɗe da samun sunan a wani wuri, tambayar ta tabbatarwa ce. Wataƙila.

Muryar Mahasin kuma, ana yanka albasa, tana zungurinta da gwiwar hannu: "Ke, faɗa mini gaskiya, me kika yi wa ƙanena? Ya zama kamar sandar rake. Ba ya ci, ba ya barci, waya uku ya ƙona wa mutane."

Dariya ta yi a ranar. Har da daɗi ta ji.

Ba ya ci. Ba ya barci.

A'a. Wannan daban ne. Wannan addu'a ce. Ba dalma, ba ƙusa, ba rijiya. Takardar littafin rubutu ce kawai, da biro shuɗi. Watan Rajab, cikin cunkoson mata a maƙamin Sayyida Zainab, wajen hubbarenta, ta naɗe ta ƙanana, ta tura ta tsakanin ƙarafan azurfa yadda ta ga kowa na yi. Ta yi kuka, ta yi salati. Allah ta roƙa, ba wani ba. Allah ya karkato da zuciyarsa, kada ya ga wata, kada ya samu sukuni sai… sai…

Jibrin ɗan Baraka, haka ta rubuta.

Wa ya gaya mata sunan uwarsa Baraka? Ita ta tambayi Mahasin. Tana tsince shinkafa, kai a sunkuye, kamar abin bai dame ta ba.

Ba ta ɗago ba.

Matariyya. Saura ɗaya. Zoben ya yi ɗumi a tafinta, ya jiƙe da gumi. In ta mayar, me za ta ce ta kama shi da shi? In ta sa, wa ta aura, mutum ko takardarta? Shi da ya durƙusa wajen ba ta zoben, da ƙafarsa ya zo ko kuwa…

Ainu Shams. Ƙofa ta buɗe. Ga shi can ƙarshen dandamali, rigarsa ta yi masa yawa, yana leƙa tarago ɗaya bayan ɗaya.

Wata murya daga bayanta: "Ya anisa, 'yammata, za ki sauka ko za ki ba mu hanya?"

Zoben ya tsaya a gaɓar farko ta yatsa. Bai shiga ba, bai fita ba.