Waƙar Sadiƙu na Bambeye

"Kai, don Allah kashe wanga abu!"

Jibrilla ya diro daga kan babur ɗinsa na kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba, ya nufi teburin mai shayi. Daga salular da ke jingine da gwangwanin madara, muryar Dodo mai gurmi ce ke tashi, garau, ta zamanin ƙuruciyarsa, tana tambayar Sadiƙu na Bambeye inda ya baro walkinsa.

"Laihi na?" in ji mai shayi. "Ni don girmama tsoho nis saka ta. An ce ba shi da lahiya."

"Shi yac ce ba shi son jin ta. Katanga guda ta raba ku hwa!"

Mai shayi ya kashe yana gunaguni. Ko minti ba a yi ba, wata mota ta fito daga tasha cike da ƴan Barmou, ita ma waƙar take zubawa. Jibrilla ya bi ta da ido kawai. Wa zai tare mota?

Ai duk ƙasar Adar babu wanda bai san waƙar nan ba. Sadiƙu ɗan kokowa ne, saurayi mai tashe a lokacinsa. Wata kaka, a filin Barmou, abokin karawarsa ya cafki walkinsa, ɗaurin ya kwance, Sadiƙu ya tsallake mutane ya ruga a guje ya bar shi a ƙasa. Dodo yana bakin fili da gurminsa. Nan take ya ƙaga waƙa, mutane suka yi ta dariya har da faɗuwa. Kafin shekara ta zagayo, kasuwa ma ta gagari Sadiƙu, don yara na binsa da amshi. Ya tafi ci-rani Abijan kamar sauran mazan Adar. Su kan dawo da damina, shi bai dawo ba, can ya mutu. Waƙar kuwa ta ƙi tsufa: daga kaset ta koma salula, jikokin waɗanda suka yi dariyar farko su ke rawa da ita a biki.

Jibrilla ya yi sallama ya shiga gidan Dodo, maƙwabcinsa. Tun da likita ta sallamo Dodo aka ce a je gida a yi ta addu'a, yana kwance a ɗakin ƙofar gida, ƙafafu a kumbure, ƴarsa Raƙiya na yi masa fifita. Gurmin na rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ƙwaryar.

"Na ji ta," in ji Dodo, muryar kamar ba tasa ba. "Ka ce mani an daina."

"Baba, ina bakin ƙoƙarina."

Kuma wallahi ya yi. Ya je gidan rediyo, suka karɓe shi da mutunci, suka ce to, washegari masu kiran waya suka dame su har suka saka. Ya je kasuwa wurin samarin da ke tura waƙoƙi a salula, ɗayansu ya ce, "Kawu, ko na goge tawa, ta cikin aljihun mutane hwa?" Haushi ya ishi Jibrilla har ya fara faɗa da fasinjojinsa a kan hanya. Mutum ya yi waƙa fiye da ɗari, ta manoma, ta maƙera, ta masu haƙar rijiya, amma wadda ke hana shi mutuwa cikin natsuwa ita duniya ta riƙe.

"Mutum nik kora daga garinsu da bakina," in ji Dodo. "In an tambaye ni, mi za ni cewa? Wasa na?"

"Baba, ka bar wagga magana," in ji Raƙiya, tana share ido da gefen zane.

"Ba ni bari. Jibrilla, tunda ba ta kasuwa, tahi Bambeye. An ce ƙanwa tai na nan da rai, Ummul Kulsum. Ka ce Dodo na roƙon gahwara. Ka kawo mani abin da tac ce, ko zagi na."

Ya kama hannun Jibrilla, riƙon babu ƙarfi ko kaɗan. Tsoro ya kama Jibrilla, don a wannan hannun ya ga saura kaɗan.

Da safe ya hau babur. Bazara ce, duwatsun hanya sun ɗau zafi tun hantsi. A Bambeye bai sha wahalar tambaya ba. Da ya ce gidan su Sadiƙu, wani dattijo ya yi murmushi ya ce, "Mai walki?" ya nuna masa da sanda.

Ya tarar da tsohuwar a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta sa aka ba shi ruwa da fura, suka gaisa, ta tambayi mutanen Tawa, inda ya fito. Sannan ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Hannunta bai daina ɓara ba.

"Dodo na mutuwa?"

"Sai abin da Allah ya yi, Inna."

"Allah shi sawwaƙe." Ta watsa ɓawon gefe. "Ɗana, gahwarar ga ba tawa ta ba. Mai ita na kwance Abijan, ko kabarinai ban sani ba. In nac ce na yahe, ƙarya niy yi. Uwarmu ta mutu tana duban hanya."

Jibrilla ya sunkuyar da kai. Ya ce ai Dodo ya yi nadama, har ya sa a bi gari a goge waƙar, ana nan ana ƙoƙari.

"A goge?" Ta ɗago da sauri. "Wa yac ce a goge?"

Ta laluba ƙullin zanenta ta fito da wata ƴar salula mai fasasshen gilashi.

"Jikata ta saka mani ita. Ba mu da hotonai, bai bar ɗiya ba. Waɗanda sunka san shi duk sun ƙare. Kahin Dodo shi kai ga walkin, sai da yak kira sunanai, da na ubanmu, da na unguwarmu, yac ce baƙi na, dogo, mai wushirya. Nan nika saurare, in ya zo wurin dariya in kashe." Ta shafa gilashin salular. "In kun goge, ina za ni jin an kira Sadiƙu? Ka ce mai ban yahe ba, ba ni da iko. Amma shi bar mani ita."

Jibrilla ya kamo hanya yana juya maganar. Wannan saƙo, daɗi zai yi wa tsoho ko ƙuna? Ta ina ma zai fara? Ya gwada a bakinsa, ya sake gwadawa, iska na kwashe kalmomin. Daga ƙarshe ya yanke zai faɗa masa duka yadda ta faɗa, ya fara da wushiryar.

Da ya karyo kwanar unguwarsu bayan azahar, sai ya hangi tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune a inuwar dogon yaro, takalma a jere. Mai shayi ya kife tukunyarsa. Jibrilla ya kashe babur tun daga nesa, ya turo shi da hannu.

Raƙiya ta leƙo daga zaure, idanu jajur.

"Har yac cika yana tambaya ko ka dawo," ta ce. "Mi tac ce?"

Jibrilla ya jingine babur a bango. Ya nemi gefen tabarma ya zauna, ƙurar Bambeye har gwiwarsa. Can bakin titi wani ɗan kabu-kabu ya wuce da waƙar a salularsa, sama-sama, daidai wurin da ake kiran sunan uban Sadiƙu. Babu wanda ya tashi ya tsayar da shi. Wani tsoho kusa da Jibrilla yana jan tasbaha, ido a rufe, babban yatsan ƙafarsa na motsi a hankali a kan tabarma.