Rakiyar Asiyatu

A shekarun da jam'iyya ɗaya ke riƙe da Togo, duk ƙungiyar da ba ta ƙarƙashinta abin zargi ce. Shi ya sa 'yan layi ba su da shugaba, ba su da wurin taro. 'Ya'yan Zango ne na Lome da Kwatano da Akra da Abijan, waɗanda Allah ya kai ofisoshi masu kwamfuta. Da tsakar rana, in manya sun tafi gida cin abinci da ƙailula, sai su zauna gaban teleks, na'urar nan da ake buga saƙo a nan ya fito kan takarda a wata ƙasa, su yi ta hira da Hausa. Ba a taɓa siyasa. Maganar aiki ake yi: wane banki ya sayo sababbin na'urori, wane kamfani yake neman mai shigar da bayanai, ɗan wa ya gama makaranta yana zaune.

Al'adarsu ita ce, wanda ya ji labarin aiki shi zai raka mai nema har gaban masu gwaji, ya tsaya masa kamar wa ko kawu. In an fito kuma, a ranar zai hau layi ya gaya wa kowa yadda aka yi.

Babu wanda ya yi rakiya kamar Haliru. A Faransa ya yi karatun kwamfuta, ya dawo ya kama aiki a wani kamfanin gwamnati, kuma rabin yaran Zango masu sa taye shi ya kai su. In ya ratsa layin masu goro da safe, gaisuwa ake yi masa ta dattijo, alhali ko furfura bai soma ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba, an rufe kamfanin tun kafin azumi. Da safe yana goge takalmi ya sa taye ya hau tasi kamar kullum, ya sauka cikin gari ya zauna bakin teku. Matarsa Hannatu na da tsohon ciki, ba ta sani ba. Da tsakar rana sai ya lallaɓa ofishin abokinsa Tchakoura, ɗan ƙabilar Kotokoli, a wani kamfanin inshora, ya ce teleks ɗinsu ya lalace.

"Har yanzu?" in ji Tchakoura, yana cin shinkafa da wake a cikin ganye. "Kai da ka je har Faransa, waya ɗaya ta gagare ka? Kawo ta nan, Bakotokoli ya gyara maka."

"Kai da ba ka iya cin abinci ba sai ka shafa wa na'ura manja."

"Manjan ne ya sa tawa ba ta lalacewa."

A layi, wanda ke neman aiki kalma biyu kawai zai buga: ina nema. Haliru ya sha ɗora yatsu a kan haruffan, ya ɗage.

Aikin da ya ji labarinsa a wani kamfanin fiton kaya ne kusa da tashar jiragen ruwa, hanyar Adakpame. Tun yana bakin aikinsa ya ji, ya sa a layi, Muniru na Akra ya ce yana da ƙanwa, Asiyatu, ta iya bugu kamar ruwan sama. Haliru ya ce a turo ta, aikin nata ne. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa, sai yanzu suka sa ranar gwaji, yanzu da shi kansa yake kwana da tunanin kuɗin asibiti da ragon suna.

Asiyatu ta sauka gidan gwaggonta Hajiya Hadjara. Ana gobe gwaji Haliru ya je ya gan ta. Yarinya ce doguwa, mai yawan dariya, Faransancinta na tsince-tsince. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya Haliru, ko barci nake a tashe ni zan buga. Malaminmu tawul yake rufa mana a hannu. Wanda ya dubi yatsunsa ko ya dubi gilashin na'ura, ya sha rula."

"Wace irin na'ura kuka koya da ita?"

"Daga Ingila aka kawo su."

A nan abin ya faɗo masa. Haruffan na'urar Ingilishi da na ta Faransa ba jeri ɗaya suke ba. Inda waccan ta sa wani harafi, wannan wani ta sa, lambobi kuma ba sa fitowa sai an haɗa da wani maɓalli. 'Yan layi ba su taɓa tunanin wannan ba, don saƙon Akra da na Lome iri ɗaya suke fitowa a takarda, ba mai ganin yatsun wani. Maganin ba wuya. La'asar ba ta yi ba, ofishin Tchakoura a buɗe yake, in ya kai ta ta zauna zuwa magariba hannunta zai soma sabawa. Ko gargaɗi ma kawai ya isa ta riƙa duba yatsunta.

Ya buɗe baki. Hajiya ta shigo da kunun zaki a kwano.

"Ɗana, Allah ya biya ka. Uwarta ba ta da kowa sai ita da Muniru."

"Amin, Hajiya."

Ya sha kunun, ya ce wa Asiyatu ta shirya da wuri, ya tafi. A hanya ya gaya wa kansa da safe zai faɗa mata a tasi. A tasi suna matse mutum huɗu a baya, wata mai kifi tana faɗa da direba da yaren Mina. Ya ce in sun sauka. Da suka sauka ya duba agogo ya ce su yi sauri.

Wadda za ta yi gwajin Madam Afiwa ce, shugabar ma'aikata, mace mai tabarau, da ɗan bajon jam'iyya a ƙirji. Ta ba Haliru kujera a baya, ta zaunar da Asiyatu gaban kwamfuta, ta ajiye mata takardar kwantenoni: sunan jirgi, sunan mai kaya, lambar kwantena.

Asiyatu ta yi bismilla, ta gyara zama, ta kafa ido a takarda. Yatsunta suka kama gudu. Wani akawu da ke wucewa ya tsaya don jin ƙarar. Daga inda Haliru yake yana ganin gilashin sarai. Sunan jirgi ya fito a karye, wurin lambobi kuwa sai ƙugiyoyi da ɗige-ɗige, layi bayan layi. Tari ɗaya zai yi ta ɗaga kai. Ya dubi hoton shugaban ƙasa da ke bango, ya dubi takalminsa.

Ta kai ƙarshen takarda, ta ɗaga kai tana murmushi. Murmushin ya tsaya.

Madam Afiwa ta sauke tabarau. "Wannan wane yare ne?"

"Mashin… mashin ba kyau," in ji Asiyatu da guntun Faransancinta. Ta juyo. "Yaya, gaya mata. Wallahi ba haka na buga ba. Na'urar ce."

"Ta ce na'urar ta lalace," in ji Haliru.

"An ce kai masanin abin ne. Duba mana."

Asiyatu ta tashi da sauri ta ba shi kujerar, har tana kakkaɓe masa ita da gefen mayafi. Ya zauna. Ya yi niyyar buga layi ɗaya, amma hannunsa ya daɗe bai taɓa kwamfuta ba, sai ya zarce. Ya gama takardar ba kuskure ko ɗaya.

"To?" in ji Madam.

"Na'ura lafiyarta ƙalau."

Gaskiya ya faɗa. Sauran gaskiyar tana kan harshensa, jimla ɗaya ce. Madam ta ce wa Asiyatu ta jira a waje. Da ƙofa ta rufu ta tambaye shi inda yake aiki. Ya faɗi sunan kamfanin.

"Ai an rufe shi."

"An rufe."

"Albashinmu bai kai naku ba. Kana so?"

Ya ji fanka na juyawa a samansa. Ya ce yana so. Ta ce ya zo ran Litinin da katin jam'iyya da hotuna.

A waje ya sami Asiyatu jingine da bango, manyan motoci na wucewa suna watsa mata hayaƙi. Ba ta yi kuka ba. Sai da suka kai bakin titi ta yi magana.

"Da na tashi na duba. Haruffansu ba a wurinsu suke ba. Na A yana sama, na M ya koma gefe." Ta murza yatsunta. "Yini ɗaya da ya ishe ni."

Ya dubi titi yana neman tasi.

"Yaya, ka yafe ni. Ka ɗauko ni da mutuncinka, na je na ba ka kunya gaban matar nan. Har na ce na'urarsu ce."

"Bar maganar."

"Kar ka gaya wa Yaya Muniru da zafi. Shi ya biya mini makarantar."

Ya sa ta a tasi, ya ce yana da aiki cikin gari. Ya yi ta tafiya a ƙasa cikin rana har rigarsa ta manne da bayansa. Yana iya ƙin zuwa ofishin Tchakoura, amma rakiyar da ba a ba da labarinta ba, ita ma labari ce, kafin la'asar za a aiko gidansa.

Tchakoura na tsaye a ƙofa. "Ango ya iso! Muniru ya dame ni tun ɗazu, takardata ta kusa ƙarewa. Zauna ka ba shi albishir, ni a ajiye mini kason goro."

Haliru ya zauna ya kira Akra. Na'urar ta yi ƙara, takarda ta motso.

"Salamu alaikum babban yaya. Yaya ƙanwarka?"

"Ba ta samu ba."

"Innalillahi. Me ya faru?"

"Na'urar Faransa ce. Jerin haruffan daban."

Tchakoura, da ke karantawa ta kan kafaɗarsa, ya dafe kai. "Kai! Wallahi ban taɓa kawo wannan ba. Da ka kawo ta nan jiya…" Bai ƙarasa ba. Ya dubi Haliru, wanda ya yi shekaru a Turai ya taɓa na'urori iri-iri.

Takarda ta sake motsi. "Laifina ne, ban tambaya ba. Allah ya sa haka ya fi alheri. Sun ɗauki wani, ko a sake roƙonsu?"

Yana iya cewa bai sani ba. Amma ran Litinin akawun nan zai gan shi, kuma akawun yana sallar Juma'a a Zango. Ya buga.

"Sun ɗauka."

"Namu ne?"

"Ni ne."

Na'urar ta yi shiru har Haliru ya zaci layin ya yanke. Sannan ta soma, a hankali, kamar mai bugun yana neman kowane harafi.

"Kana nema ne?"

"Tun kafin azumi."

"Da ka faɗa, da ni da kaina zan ce ta haƙura. Kai ne babba, kai ne mai iyali. Ba wanda zai ce uffan." Takardar ta tsaya, ta ci gaba. "Ka san maganar haruffan kafin ku je?"

Haliru ya ɗora yatsu. Tchakoura ya koma bakin taga ya juya masa baya.

"Na sani."

Akra ta kashe layi ba sallama.

Tchakoura ya zo ya yage takardar, ya naɗe ta, ya sa a aljihu. Ba za a bar wa shugabansa ya gani ba, wannan kullum haka suke yi. Amma yau bai yi wasan da ya saba ba.

"Ka ce wa Hajiya ta turo yarinyar gobe da tsakar rana. Zan zaunar da ita kan tawa har hannunta ya saba. Akwai wani banki da na ji ƙishin-ƙishin, ni zan raka ta."

"Zan kawo ta."

"Ta san hanya. In ba ta sani ba ta tambaya." Ya ɗauki kwanonsa. "Kai kuma ai ka samu teleks a can. Ba sai ka wahala zuwa nan ba."

Da yamma Hajiya Hadjara ta aiko wa Hannatu da tuwo da miyar kuka, wai na gode wa mijinta da ɗawainiya. Ba ta ji ba tukuna. Haliru ya ce ya ƙoshi. Ya gaya wa Hannatu ya canja wurin aiki, ta yi murna, ta tambaye shi ko da ƙarin girma. Ya ce kusan haka.

Ran Litinin ya fito da taye. A layin masu goro wasu suka gaishe shi, wasu suka shagala da jiƙa ganye. A tashar tasi ya tarar da Asiyatu, da jakarta a kafaɗa. Zuwa lokacin Muniru ya aiko mata da komai, ya gani a yadda ta tsaya. Ta ɗan rusuna, kamar yadda aka koya mata a gida.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau."

"Allah ya sa albarka a sabon wuri."

Tasi ta tsaya, direba ya ɗaga yatsu biyu, saura wuri biyu. Asiyatu ta shiga ta matsa ciki, ta bar masa gefen ƙofa. Direba ya yi oda. Haliru ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, ya yi wa direba hannu ya wuce.