Gwaji a Bayan Fage

Dogo ya zaunar da mahaifinsa a kan bencin bakin ofis, ya ajiye masa gorar ruwa. "Awa ɗaya, Baba. Gwaji zan yi wa manhajarmu, yana kammalawa mu wuce wurin likitan ido."

"Ƙarfe huɗu suke rufewa," in ji Baba. Wata uku ya yi yana jiran wannan rana, idon hagu kuwa kullum ƙara dushewa yake.

"Yanzu sha biyu. Kwantar da hankalinka."

Dokar oga ce, ba mai tashi daga aiki sai gwaji ya nuna kore, alamar komai lafiya. Dogo kuwa gwani ne, matsalar ita ce ya san shi gwani ne. Ya rubuta wa kwamfuta umarnin gwajin, ya liƙa masa 'yar alamar nan da ke tura aiki bayan fage ya riƙa tafiya shi kaɗai. Ya koma amsa saƙonni, har yana koya wa maƙwabciyar teburinsa dabarar da ba ta tambaye shi ba.

Ƙarfe ɗaya, shiru. Ya ce ai babban gwaji ne. Ƙarfe biyu ya ce injin ne ya tsufa. Huɗu saura kwata maƙwabciyar, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Ni fa yau ban ji fankar kwamfutarka ba."

Dogo ya juya ga kwamfutar da sauri. Ya dawo da aikin gaban allo. Layi ɗaya tal: akwai tsohon fayil, a goge shi? E ko a'a. Tun minti na farko abin ya tsaya cak yana jiran amsa, ba wanda ya waiwaye shi.

Ya danna e. Fanka ta tashi. Yanzu awa ɗayar ta fara, asibitin kuma tafiyar rabin awa ce.

Ya fita. Baba na nan yadda ya bar shi, takardar asibiti a kan gwiwa, gorar ko buɗe ta bai yi ba. Kunya ta kama Dogo har ya rasa inda zai sa kansa.

"Baba, me ya hana ka leƙo ka yi min magana?"

"Na leƙo sau biyu. Na ga kana aiki." Ya kai takardar dab da idon dama, ya daɗe, sannan ya miƙa wa Dogo. "Duba min. Sun sa wata ranar a nan, ko sai an sake jiran wata ukun?"