Aduwar Modibbo

Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha, gidan su Muntaka bai gusa ko taku ɗaya ba, amma sau biyu ana sauya masa unguwa. Da can Rugar Modibbo ake ce wa wurin, da sunan kakansa da ya fara kafa turken shanu a nan. Masu awon filaye suka zo suka ce Takur ce. Wasu suka biyo su da wata takardar suka ce a'a, Sabon Fegi ce. Mutanen da ko hanyar rijiya ba su sani ba, wai su ne masu raba gari.

Muntaka fataucin shanu yake yi zuwa kudu, bai cika zaman gida ba, don haka bai taɓa sa abin a ka ba sai ranar da mahaifinsa, Malam Idirisu, ya cika. Tsohon ya shekara uku a kwance ba ya gani, wasiyyarsa kuwa ɗaya ce tak: a kwantar da shi kusa da ubansa Modibbo, a gindin aduwar tsohuwar maƙabarta.

Ana wankan gawa, Muntaka ya ja masu haƙa suka nufi can. Suka tarar da sabuwar katanga, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo. Makullin yana hannun Alhaji Kamilu, wani ma'aikacin gwamnati da ke shugabancin kwamitin unguwa, gidansa a manne da katangar.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji Alhaji. "Sai dai daga kwalbati zuwa gabas ba ɓangarenmu ba ne. Taku maƙabartar tana can bayan gari."

Ran Muntaka ya ɓaci. "Alhaji, yaushe ka zo garin nan? Makwancin shanun kakana ne wannan. Shi ya ba da shi sadaka, shi aka fara binnewa a ciki. Yau ɗansa ne baƙo?"

Jama'a suka fara taruwa, kunya ta kama Alhaji, ya buɗe.

Muntaka ya shiga yana neman aduwa. Ya kai bango ya dawo, babu ita. Sai da ya ɗaga kai ya ga rassanta suna leƙowa daga waje. Ashe da aka zo gini, turakun masu awo aka bi, aka yanke tsofaffin kaburbura aka bar su a baya. Aduwar tana tsakar gidan Alhaji Kamilu.

"Wallahi fili aka ba ni da takarda," in ji Alhaji, muryarsa ta yi sanyi. "Ban ga tudun kabari ko ɗaya ba."

Ina zai gani? Damina arba'in ta baje su. Waɗanda suka san wurin kuwa ba wanda ya tambaye su, tun da ba su iya karatun taswira ba.

Muntaka ya so ya rushe katangar da hannunsa, amma rana tana yi, gawa kuma ba ta jira. Ya fizge diga daga hannun mai haƙa ya sara a jikin bangon, har ƙarfen yana karo da harsashin ginin.

"Baba, ka yafe mini," ya ce. "Iya kusan da zan iya kai ka ke nan."

A bayan katangar, daidai kan Modibbo, wata mata ta gyara zaman turmi ta ci gaba da dakanta.